Ƙoƙo Biyu a Wuyan Mutum Ɗaya

Tun da na dawo daga Doha ban zauna a wata majalisa ba face an tambaye ni yadda ƙasar take. Wasu tsawon benaye suke so su ji, wasu albashin masu gadi. Amsoshin da nake bayarwa a tsaye ba sa gamsar da ni, domin baki yana da gaggawa, yakan ƙara gishiri ba da izinin mai shi ba. Shi ya sa na ga ya fi in zauna in rubuta, da littafin ajiye bayanaina a gefe. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan faɗi wanda ya gaya mini, inda ban tabbata ba kuma zan ce ban tabbata ba. Mako shida kawai na yi, kuma mako shida ba ya mai da mutum masanin ƙasa.

Abin da kowa ya sani shi ne na je wani ɗan gajeren kwas ne na koyon adana tsofaffin takardu. Wannan gaskiya ne. Amma abin da ya sa na nace wa neman kwas ɗin Doha, na bar wasu da suka fi shi sauƙin samu, jimla ɗaya ce da na rubuta ba daidai ba.

A gefen garinmu, bayan layin dogo, akwai kangon wani kamfanin giya da ya daɗe da durƙushewa. Gine-ginensa duk sun lalace sai guda ɗaya, wani dogon ɗaki mai rufin kwano da tagogi goma sha biyu, wanda tsofaffi ke kira Zauren Baƙi. A zamanin da kamfanin ke aiki, duk wanda ya zo ziyara, dillali ne ko soja ko ma'aikacin jirgin ƙasa, sai a zagaya da shi ya ga manyan tukwanen dahuwa, sannan a kawo shi zauren, a zaunar da shi a dogon teburin maɗaci, a shayar da shi kyauta. Bayan an rufe kamfanin, zauren ya zama wurin bikin aure, daga baya ya koma rumbun takin zamani. A kansa na rubuta kundin kammala digirina na tarihi, domin na lura kowa a garin ya san wurin, amma babu mai son a ce ya sani.

A cikin kundin na rubuta cewa babu Musulmi ko ɗaya a cikin masu hidimar zauren. Dattawa biyu ne suka gaya mini haka, kowanne a gidansa, kuma ƙa'idar da aka koya mana ita ce shaida biyu. Malamina ya yaba aikin, har ya ce zai saka shi a wani littafi da ake haɗawa kan tarihin garin.

Ana cikin shirin haka sai mai gadin kangon, Malam Tanko, ya kira ni ya ce ya tsinci wani hoto a bayan buhunan taki. Maza bakwai ne tsaye a ƙofar zauren cikin fararen kaya, kowanne riƙe da babbar moɗa ta ƙarfe. Na uku daga hagu mahaifina ne. Ina da shekara tara ya rasu, amma ɗa ba ya ɓata fuskar ubansa. Na ɗora madubin ƙara girma a kan hoton har idona ya yi ruwa, na rubuta duk abin da na gani. Daga ciki akwai wani abu da ban gane ba: mutum biyar suna da ɗan ƙaramin ƙoƙo rataye a wuya da zare, mahaifina ba shi da shi, na tsakiya kuma yana da guda biyu. Malam Tanko ya ce na tsakiyar shi ne Ɗanjuma, shugaban zauren, kuma shi kaɗai ya rage da rai, ɗansa injiniya ya ɗauke shi zuwa Doha, babban birnin Ƙatar.

Da na koma gida na tambayi Umma, ba tare da na nuna mata hoton ba, ina Baba ya yi aiki kafin a haife ni. Ta ce, "Kamfanin lemo." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Daga ranar tambaya biyu suka hana ni sakat. Ta farko, yaya zan gyara jimlar. Ta biyu, wadda ban iya faɗa wa kowa ba, shin mahaifina ya sha?

Daga Kano na tashi, muka yada zango a Addis Ababa, inda na shafe kusan awa biyar a kan kujerar ƙarfe ina rungume da jaka. Umma ta ɗaure mini kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, ta ce a ƙasar mutane babu tsarabar da ta fi su. Ta yi gaskiya, sai dai ledar daddawar ta huje a hanya. Da jami'in filin jirgin Doha ya buɗe jakar, sai ya ja da baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa, suka yi ta magana da Larabcin da ban iya bi ba. Na yi ƙoƙarin bayyana musu yadda ake sarrafa kalwa, da Turanci, tun daga ɗorawa. Kafin in kai rabi ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, khalas, yalla." Waɗannan ne kalmomin farko da na koya, ma'anarsu ya isa, wuce. Kafin nan an riga an ɗauki hoton ƙwayar idona. Mako guda littattafaina suna ƙamshin miya.

Da na fito waje na ɗauka iskar wani inji ce ta buge ni, har na matsa gefe in kauce mata. Ashe iskar garin ce.

Masaukina yana Fereej Abdel Aziz, wata tsohuwar unguwa a tsakiyar gari, inda gidaje ke cike da ma'aikata daga ƙasashe daban-daban. Habibu ne ya karɓe ni, ƙanin abokin yayana, mutumin Funtuwa, mai aikin gadi. Mu shida ne a ɗaki, a gadaje masu hawa biyu, ni a sama kusa da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a cikin bokiti. Na ce mu shida, amma ban taɓa ganin mu shida a farke lokaci ɗaya ba. Huɗu motar kamfani take kwashe su tun kafin asuba, idan sun dawo kuwa wanka, cin abinci, kiran gida, barci. Habibu kuma sai bayan la'asar yake fita. A gida idan ka zauna da mutum mako guda ka san sunan kakarsa. A nan na kwana da wani ɗan Zongon Kumasi mako shida, hannunsa da ke saukowa daga gadon da ke fuskantar nawa na fi sani fiye da fuskarsa.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gajartar gaisuwa. Mu a wurinmu gaisuwa zama ce: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari. A can mai shago zai ce maka salam yana kallon na bayanka. A masallacin unguwa sahu yakan cika da Indiyawa da Misrawa da Sudanawa, kafaɗa da kafaɗa, amma ana sallame salla kowa sai ya nemi takalminsa. A wurin kwas mu goma sha ɗaya ne daga ƙasashe takwas, mutanen kirki, sai dai da an tashi kowa yana da inda za shi. Na duba littafina, na ga akwai kwana huɗu a jere da ban furta kalmar Hausa ko ɗaya da babbar murya ba sai a waya.

Abinci bai dame ni ba. Da safe shayin da suke kira karak, mai madara da kayan ƙamshi, da wata gurasa mai mai ta Indiyawa. Masu mota ba sa sauka, hon suke yi a ƙofar shago a kai musu. Da rana shinkafa da kaza, an dafa da busasshen lemon tsami. Wata rana Habibu ya miƙo mini wata koriyar kwalba mai dogon wuya, na ƙi karɓa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Farfesa, malt ne. Ka ɗauka a garin nan ana sayar da waccan a shagon lungu? Karanta mana, ai kai karatu ne aikinka."

Na karanta rubutun jikinta sau uku, da Turanci da ɗan Larabcina na Islamiyya, sannan na sha. Shi ne ya bayyana mini cewa giya a Doha ba a ganinta a fili, sai a manyan otal da wani wuri da ake saye da takardar izini. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani haka dalla-dalla. Ya janyo takalmin aikinsa yana gogewa.

"A ƙofar mashayar otal suka ajiye ni. Ina duba kati, in buɗe ƙofa, in rufe. Na roƙi a canza mini wuri sau biyu. Kafil, wato wanda ya tsaya maka a biza, shi ne ya kawo ka, inda kamfani ya ajiye ka nan za ka tsaya."

"Gida sun sani?"

"Sun san ina gadin otal. Otal ɗin ne kuwa. Na yi ƙarya?"

Kamfanin lemo ne ya faɗo mini a rai.

Ranar Juma'a, wadda ita ce ranar hutu a can, Habibu ya kai ni Bin Omran, gidan wani likita ɗan Zariya inda mutanen Arewa ke haɗuwa bayan masallaci a ci tuwo. Likitoci, malaman jami'a, direbobi da masu gadi, duk a kan darduma ɗaya. Daddawar Umma ta sa aka yi mini maraba fiye da yadda na cancanta. A nan na sami Injiniya Sale, ɗan Baba Ɗanjuma, mutum mai kamala, mai gemu da ya fara furfura. Na ja shi gefe na gaya masa aikina, ban ɓoye komai ba sai hoton. Fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Ƙanena, Baba ya musulunta tun ina firamare. Ya yi Hajji sau biyu. 'Ya'yana sun san shi da carbi ne, ba su san shi da wani zaure ba. Ka zo ka gaishe shi, zai ji daɗi, domin yini yake shi kaɗai. Amma ban da rikoda, ban da maganar kamfani. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa alkawari. A motar komawa na lissafa cewa na ƙetare teku don in yi tambaya ɗaya, kuma ga shi da bakina na rufe ƙofarta.

Gidansu yana Al-Sadd, a hawa na tara. Baba Ɗanjuma tsoho ne dogo da ya rame, fararen idanunsa sun ɗan yi ɗorawa, yana zaune a kujera gaban taga yana kallon motoci kamar mai tsaron gona. Na durƙusa na gaishe shi, shi kuwa ya ja gaisuwar yadda ake janta a gida, har ya tambaye ni ruwan bana da farashin dawa. Sannan ya ce, "Ɗan wane ne kai a garin?" Na ce ɗan Malam Ilyasu ne na bayan tasha. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Allah ya jiƙan Ilya." Bai ƙara ba. Injiniya yana zaune a gefe.

Daga nan na riƙa zuwa duk bayan kwana biyu idan an tashi daga kwas, da izinin Injiniya, wanda ba ya dawowa sai magariba. Jikokin Baba Turanci suke yi da Larabci, surukarsa tana aiki a asibiti, saboda haka daga safe zuwa yamma babu mai ce masa sannu da Hausa sai rediyo a waya. Mukan yi hirar noma, da jirgin ƙasa, da mutanen da suka mutu. Hoton yana cikin jakata kullum. Mako uku ban fito da shi ba, kuma kowace rana ina sauka daga benen nan ina jin haushin kaina, ban san ko na riƙon alkawarin ne ko na yin sa ba.

A mako na biyar shugaban kwas ɗinmu, wani dattijo ɗan ƙasar, ya gayyace mu majalisarsa. A nan na yi abin kunyar da abokaina suka fi son ji. Ana ba da gahawa ne a wani ɗan kofi marar mariƙi, ba a cika shi, kurɓi biyu ya ƙare. Idan ka ƙoshi sai ka girgiza kofin kaɗan kafin ka miƙa. Ni ban sani ba. Ina miƙawa ana sake zubawa, ni kuma tarbiyyar gida ta hana ni ƙin abin da aka ba ni. Na sha takwas, ko tara, a nan lissafina ya rikice, kafin wata 'yar Tunisiya ta nuna mini da hannu. Amma na lura da wani abu tun farko: mai zubawa ya fara zuba wa kansa ya sha a gabanmu kafin ya ba kowa. Mai gidan ya ce tsohuwar al'ada ce, don baƙo ya san babu cuta a ciki.

Washegari na ba Baba Ɗanjuma labarin don in ba shi dariya. Ya yi dariyar kofi tara har ya yi tari. Amma da na zo kan mai zubawa sai ya tsaya.

"Ashe su ma suna cire dafi?"

Na ce, "Mene ne cire dafi, Baba?"

"Uwata burkutu take dafawa. Mu Maguzawa ne a lokacin. A jiƙa dawa, a bar ta ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana, a sake dafawa. Ranar gayya ko ranar kasuwa ko an yi mutuwa, randa uku ba ta isa. Kuma ba ta taɓa miƙa wa mutum ƙwarya ba sai ta fara kai ta bakinta. Mai karɓa kuma ya ɗan zuba a ƙasa, na waɗanda suka riga mu. To da Turawa suka buɗe zauren..."

Na ce, "Baba, na yi wa Injiniya alkawari."

"Kai ka yi alkawari. Ni na yi? Rufe bakinka ka buɗe kunne, ai ba a ce kada ka ji ba."

Ga abin da ya gaya mini, yadda na rubuta shi a matattakalar bene da na fito. Da aka buɗe zauren, Turawan sun sa a riƙa jera wa baƙi kofuna a cike, irin na ƙasarsu. Baƙinmu kuwa sai su zauna su harɗe hannu, babu mai taɓawa, domin abin sha da ba a ga mai shi ya kurɓa ba, ba a yarda da shi ba. Manaja ya rasa dalili, har Ɗanjuma, wanda a lokacin share ƙasa yake yi, ya bayyana masa. Daga nan aka sa doka: kowane mai hidima ya rataya ɗan ƙoƙo a wuya, duk moɗar da ya kawo tebur ya fara tsiyaya a ƙoƙon ya sha a gaban baƙi. Turawan sun so abin har suna kawo 'yan uwansu su kalla. Ƙarfe huɗu a kaɗa ƙararrawa, kafin magariba a rufe. An bar wata kusurwa ba a yi mata siminti ba, don masu zuba wa magabata.

Idan kowane mai hidima sai ya kurɓa, to tambayata ta amsa kanta. Na buɗe jaka na fito da hoton na ɗora masa a cinya. Na yarda, a nan na taɓa gefen alkawarina.

Ya kawo shi kusa da ido. Ya bi fuskokin da yatsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce ya tafi. Da ya zo kan na uku ya ce, "Mako uku kana hawa benen nan da wannan a jaka, kana tambayata farashin dawa. Haka ubanka yake. Abu na cinsa, ba zai faɗa ba."

Na ce, "Baba, ya sha?"

"Ƙauyensu yana maƙwabtaka da namu. Shekarar da fari ya cinye musu gona ya zo gari da uwarka, tana da cikin yayarku. Ya zagaya ko'ina babu aiki. Ya zo wurina, lokacin na zama shugaba. Na ce akwai gurbi, amma ka san dokar ƙoƙo. Ya ce zai ɗauka, zai wanke, zai share, amma ba zai kai baki ba. Na ce to ba aiki. Ya juya ya tafi. Na bi shi da kallo har bakin ƙofa, takalminsa ɗaya da waya aka ɗaure shi. Sai na kira shi na ce kawo ƙoƙon naka."

Ya ɗora yatsa a kan ƙirjinsa na cikin hoton, inda ƙoƙo biyu ke rataye.

"Shekara shida, duk moɗar da Ilya ya kawo tebur, sai in taso daga inda nake in zo in cire masa dafi. Baƙi har suna tsokana, wai shugaba ya zama yaron Ilya. Na sha nawa, na sha na ubanka. Har ya sami aiki a kamfanin lemo ya tafi."

Na dubi idanunsa masu ɗorawa. Injiniya ya taɓa gaya mini cewa ciwon hanta ne ya sa ya kawo shi Doha. Tsohon ya gane abin da nake tunani.

"Kada ka ɗora wa ubanka wannan. Ina son abata tun kafin in san shi. Sai dai mai ɗanɗana moɗa biyu ya fi mai ɗanɗana ɗaya komawa gida a karkace, wannan kam gaskiya ne."

Na ce, "Amma Baba, ai a hadisi mai ɗaukar giya ma ba a bar shi ba."

"Ya sani. Ya fi ka sani. Kullum da azahar sai ya zagaya bayan ɗakin inji ya yi ta wanke hannu kamar zai saɓule fata. Ban ce maka waliyyi ba ne. Ka tambaye ni ko ya sha, na ce bai sha ba." Sannan ya ce, "To ni ma in tambaye ka, kai mai karatu. Wancan kurɓin da na riƙa yi masa, lada ne ko zunubi? Na daɗe ina son in tambayi wani malami, kunya ta hana."

Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba, kuma ban so in ba dattijo amsar da ba ni da hujjarta.

Dole in faɗi cewa na yi shakka. Tsoho mai kirki yana iya shirya labari don ya sanyaya zuciyar maraya, kuma dattawa biyu sun riga sun yaudare ni da kyakkyawar niyya. Amma hoton an ɗauke shi tun kafin a haife ni, ba don ni ba, kuma na ƙirga ƙoƙunan tun ban san ma'anarsu ba. Shaida biyu ke nan.

Ya sa na janyo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gadonsa. Tsakanin haramin Hajjinsa da takardun asibiti ya fito da ɗan ƙoƙo, ya yi baƙi don tsufa, da guntun zare a jikinsa.

"Nawa na fasa shi ranar da na yi shahada. Wannan ban fasa ba, don ba nawa ba ne. Karɓi kayan ubanka. Ka kuma rubuta da sunana. Sale zai yi fushi kwana biyu."

Na jira Injiniya ya dawo na gaya masa duk abin da ya faru, har da fito da hoton. Ya yi fushi, ko da yake ba a kaina ya sauke shi ba, shiru ya yi. Ban sake jin muryarsa ba sai ranar tafiyata, da ya kira ya ce shi zai kai ni filin jirgi. A hanya ya ce, "Shekara arba'in da wani abu ina tare da shi, ban taɓa tambayarsa komai a kan wurin nan ba. Ina tsoron abin da zan ji." Da zan sauka ya ce tun da mai labarin ya ce a rubuta, shi wane ne. Habibu kuwa da na ba shi labarin a gajarce, bai tsokane ni ba. Cewa ya yi, "Ni wa zai tsaya mini a ƙofa?" Sannan ya ɗauki hularsa ta aiki.

Na iso gida da hantsi. Bayan an gama gaisuwa, maƙwabta sun watse, na shiga ɗakin Umma na ajiye hoton da ƙoƙon a gabanta a kan tabarma. Ba ta taɓa hoton ba. Ƙoƙon ta ɗauka, ta juya shi a tafin hannunta.

"Ɗanjuma yana nan da rai?"

"Yana nan, Umma. Yana gaishe ki."

"Auta, ka haye jirgi biyu don ka tambayi abin da ke cikin ɗakin nan? Duk Babbar Salla cinyar ragonmu gidan wa kake kaiwa kana ƙarami, kana kukan nisa?"

Sai a lokacin na tuna wani gida mai ƙofar langa-langa bayan layin dogo. Na ce mata dole in gyara abin da na rubuta, kuma gyaran ba zai yiwu ba sai da sunan Baba a ciki, inda duk garin zai karanta. Idan ta ce a'a, zan janye aikin gaba ɗaya, domin ba zan bar ƙarya a littafi ba, ba kuma zan tona abin da ta rufe ba da izininta ba.

Ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Sannan ta goge shi da gefen zanenta, ta tashi ta ɗora shi a saman kabad kusa da hular mahaifina.

Ta ce, "Rubuta. Amma ka sa sunan Ɗanjuma kafin na babanku."

Haka na yi.